Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Ilimi Da Malaman Sakandare: A Fara Darasin AI Da Gwangwani Da Wake

Zuwa ga masu girma kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa, da shugabannin makarantun sakandare, da malaman kwamfuta da na lissafi.

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu koyar da ilimin kwamfuta ne da masu bincike a fannin ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI. Tun ranar 30 ga Nuwamba 2022 da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, wannan fasaha ta shigo azuzuwanku ba ko sallama. Tana cikin WhatsApp da sunan Meta AI, tana cikin binciken Google, kuma ɗalibin da ya ari wayar yayansa da dare yana iya sa ta ta rubuta masa insha'in da malam ya bayar. Maganar a bari ta shigo ko a hana ta ta riga ta wuce. Abin da ya rage a hannunku shi ne abin da za a fara koya wa yaro game da ita.

Shawararmu ita ce kada a fara da yadda ake tura wa na'ura tambaya, domin wannan yaran sun fi mu iyawa. A fara da nuna musu yadda take koyo, da inda take samo amsa, da wuraren da take tuntuɓe. Yaron da ya haɗa ƙaramar na'ura mai koyo da hannunsa, ya ga ta yi kuskure, ya kuma gano dalilin kuskuren, da wuya ya sake ɗaukar maganar waya a matsayin yankan wuƙa. Kuma biyu daga cikin darussa ukun farko da za mu zayyana ba sa buƙatar wutar lantarki ko intanet.

Tukuna, ga ma'anar abin a taƙaice, yadda malami zai iya faɗa a aji. Manhajar kwamfuta ta gargajiya umarni take bi: mutum ya rubuta mata cewa idan maki ya kai kaza ta ba da daraja kaza, ba ta ƙari ba ta ragi. Amma akwai ayyukan da ba wanda zai iya rubuta dokokinsu dalla-dalla. Dillalin kara yana kallon rago ya faɗi kuɗinsa, kuma ba safai yake yin nisa da gaskiya ba, amma in ka ce ya rubuta maka ƙa'idar da ya bi ba zai iya ba. Yaronsa ma ba da ƙa'ida yake koya ba. Yana kintata, maigida ya ce ya yi sama ko ya yi ƙasa, ya gyara, har idonsa ya faɗa bayan raguna dubu. Mafi yawan abin da ake kira AI a yau haka yake aiki. Ana nuna wa na'ura misalai masu ɗimbin yawa tare da amsoshinsu, ta yi kintace, a auna nisan kintacen da amsar gaskiya, sannan a ɗan motsa wasu lambobi da ke cikinta, waɗanda za mu kira ma'aunai, domin kintace na gaba ya fi kusa. A maimaita haka sau miliyoyi. Waɗannan ma'aunan su ne duk abin da ta "sani".

Tarihin ba ya buƙatar fiye da minti goma. A 1950 Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, ya buga maƙala yana tambaya ko na'ura za ta iya tunani. A 1956 aka yi taron kwalejin Dartmouth a Amurka, inda sunan fannin ya kafu ta hannun John McCarthy da abokan aikinsa. A 2012 wata manhaja daga Jami'ar Toronto mai suna AlexNet, wadda aka horar da hotuna kimanin miliyan 1.2, ta lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da kuskuren kusan kashi 15 cikin ɗari, alhali mai bi mata tana da kashi 26. A 2017 masu bincike a Google suka fito da tsarin da ChatGPT da ire-irensa suka ginu a kai. Kada a sa yara haddar waɗannan shekaru don jarrabawa. Amfaninsu kawai su san cewa abin aikin mutane ne na shekara saba'in, ba tsafi ba ne ba kuma aljani ba.

Darasi na farko shi ne na gwangwani. Kowace ƙungiya ta ɗalibai takwas zuwa goma tana buƙatar tsakuwa 10, da gwangwanin madara ko na tumatir guda 9, da ƙwayar wake 9, da gyaɗa 8, da masara 7. Wasan mai sauƙi ne: a zube tsakuwa goma, 'yan wasa biyu suna ɗauka bi da bi, kowa yana da damar ɗaukar ɗaya ko biyu ko uku, wanda ya ɗauki ta ƙarshe ya ci. Ɗan wasa na farko gwangwanayen ne, su ne na'urar. Na biyu ɗalibi ne.

A rubuta lambobi a jikin gwangwanayen: 10, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 1. Babu 9, domin na'urar ce ke farawa, ba yadda za a yi ta tarar da tara a ƙasa. Wake yana nufin a ɗauki tsakuwa ɗaya, gyaɗa biyu, masara uku. A zuba ƙwaya uku, ɗaya daga kowane iri, a kowane gwangwani daga na 10 zuwa na 3. Na 2 a sa masa wake da gyaɗa kawai, na 1 kuwa wake kaɗai. Jimilla ƙwaya 24. Idan zagayen na'ura ya zo, ɗalibi guda, wanda shi ne hannunta, ya ƙirga tsakuwar da ta rage, ya ɗauki gwangwanin da ke da wannan lambar, ya rufe ido ya zaro ƙwaya ɗaya, ya yi abin da ƙwayar ta ce, sannan ya ajiye ta a gaban gwangwanin har a gama wasa. In na'ura ta ci, a mayar da duk ƙwayoyin inda suka fito. In aka cinye ta, a cire ƙwayar da ta zaro a ƙarshe a ajiye gefe, ba za ta koma ba, sauran a mayar. In kuwa ta je gwangwani ta tarar babu komai a ciki, ta sallama ke nan, sai a cire ƙwayar da ta zaro kafin nan, wadda ta jefa ta cikin wannan hali.

A wasannin farko yara za su yi ta lallasa ta suna dariya. Sannu a hankali dariyar za ta ragu. Cikin ƙwayoyi 24 ɗin nan, 17 ne ke wakiltar mummunan taku, kuma duk kayen da ta sha yana cire ɗaya daga cikinsu, saboda haka ba za ta sha kaye fiye da sau 17 ba. Idan ɗaliban suna wasa da gaske, ƙarshenta gwangwani na 10 zai koma gyaɗa ce kaɗai a ciki, na 7 masara, na 6 gyaɗa, na 5 wake. Wato ta gano cewa sirrin wasan shi ne ka bar wa abokin karawarka takwas, sannan huɗu. Daga nan ba mai iya cin ta, har malam. A nan ne malami zai tambayi aji: wa ya gaya mata wannan dabara? Kuma shin gwangwanin ya fahimci abin da yake yi?

Wannan ba wasan yara ba ne kawai. A 1961 Donald Michie, masani ɗan Birtaniya, ya haɗa irin wannan na'ura da kwalayen ashana 304 ta koyi wani wasan allo. Kuma wannan hanya ta koyo ta hanyar ci da faɗuwa tana cikin abin da aka horar da AlphaGo da shi, manhajar da ta doke gwanin wasan Go (wani wasan allo mai kama da dara), Lee Sedol, da ci 4 da 1 a birnin Seoul a watan Maris 2016.

Wuraren da darasin ke lalacewa sanannu ne. Mai zaro ƙwaya yakan leƙa, ko ya laluba ya zaɓi wadda yake so, tunda girman wake da gyaɗa ba ɗaya ba ne. Maganinsa a girgiza gwangwanin a karkata shi har ƙwaya ɗaya ta faɗo da kanta. Akan manta a mayar da ƙwayoyin bayan wasa, sai gwangwani ya wofinta ba dalili. Kuma a rufe kayan in za a kwana, don ɓera ba ya tambayar ko gyaɗar ta darasi ce. Akwai kuma kuskure guda da muke so a yi da gangan. A sa ƙungiya ɗaya ta riƙa barin na'urar tana ci. Bayan wasa ashirin za a ga gwangwanayensu cike da munanan ƙwayoyi, domin ba wanda ya hukunta ta a kansu. Na'ura ba ta wuce ingancin misalan da aka horar da ita da su. Daga ƙarshe a juya doka, a ce wanda ya ɗauki tsakuwar ƙarshe shi ya faɗi. Gwanar da ba a iya ci ɗazu za ta koma tana jefa kanta rami da irin tabbacin da take da shi a da, don ba ta da hanyar sanin cewa duniya ta canza.

Darasi na biyu shi ne wanda ya fi kusa da ChatGPT. Malam ya fara da cewa "Komai nisan jifa", aji zai ƙarasa. Ya ce "Ina", wasu su ce "kwana", wasu "wuni", wasu "gajiya". Abin da suka yi shi ne hasashen kalma ta gaba bisa abin da kunnensu ya saba ji. Sai a ɗauko shafi ɗaya na littafin karatun Hausa, mai kalmomi kamar 300. Kowace kalma a ba ta ambulan ko leda da sunanta a jiki. A bi shafin daga farko: duk kalmar da aka karanta, a rubuta wadda ta biyo bayanta a 'yar takarda a jefa cikin ambulan ɗinta. In "ya" ta zo sau goma sha biyar, ambulan ɗin "ya" zai samu takarda goma sha biyar. In an raba sakin layi tsakanin ƙungiyoyi, aikin ba ya wuce darasi guda. Sannan a fara ƙirƙira: a zaɓi kalmar farko, a zaro takarda daga ambulan ɗinta, a rubuta abin da ya fito a allo, a mayar da takardar, a tafi ambulan ɗin sabuwar kalmar, haka har jimla ta cika.

Ga abin da zai faru. A ce shafin yana da "Audu ya tafi kasuwa da jaki" da kuma "Sarki ya hau doki ya tafi fada". Ambulan ɗin za su iya fitar da "Sarki ya tafi kasuwa da jaki". Nahawu lafiya lau, jimla sumul, amma ba wanda ya taɓa rubuta ta, kuma ƙarya aka yi wa sarki. Wannan shi ne asalin shaci-faɗin da manyan manhajojin hira ke yi. Gaskiya ne sun fi ambulan nesa ba kusa ba: suna duba dubban kalmomin da suka gabata maimakon ɗaya, GPT-3, wanda OpenAI ya fitar a 2020 kafin ChatGPT, yana da ma'aunai biliyan 175, kuma bayan horon farko akan sa mutane su tantance amsoshinsu a ƙara gyara su. Shi ya sa sau da yawa amsarsu daidai take, har tana ba da mamaki. Amma tushen aikin yana nan: suna jera abin da ya fi dacewa ya biyo baya, kuma abin da ya dace da kunne ba kullum yake zama gaskiya ba. Muryar da suke faɗin gaskiya da ita, da ita suke faɗin ƙarya. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, da sunaye da lambobi kamar gaske. Idan lauya ya faɗa wannan rami, ɗan aji biyu na babbar sakandare fa?

Darasi na uku ne ke buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya mai kyamara, da intanet. Shafin Teachable Machine na Google kyauta ne, ba ya neman a iya rubuta manhaja, kuma horon a cikin kwamfutar da ke gabanka yake gudana. A zaɓi aikin hoto, a buɗe rukuni biyu, misali ganyen zogale da ganyen darbejiya. A ɗauki hoto 50 zuwa 100 na kowane rukuni, ana juya ganyen, ana matso da shi ana nesanta shi. A bar saitin yadda ya zo, wato zagaye 50 na horo, a danna maɓallin horarwa. Ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintuna. Yana da kyau a gaya wa yara cewa na'urar ba ganye take gani ba. Kowane hoto ana mayar da shi ɗigo 224 a tsaye da 224 a kwance, kowane ɗigo lambobi uku ne na ja da kore da shuɗi tsakanin 0 da 255, jimilla lambobi 150,528. Shafin kuma yana ware kashi 15 cikin ɗari na hotunan ba ya horar da ita da su, domin a jarraba ta da abin da ba ta taɓa gani ba. Malamai sun san dalilin wannan fiye da kowa: ɗalibin da aka yi wa jarrabawa da ainihin tambayoyin da ya haddace ba a auna fahimtarsa ba.

A nan ma a yi ɓarna da gangan. A ɗauki duk hotunan zogale a kan farar takarda, duk na darbejiya a kan tabarma. Sakamako zai yi kyau ƙwarai. Sai a ɗora zogale a kan tabarma a nuna mata. Akwai yiwuwar ta ce darbejiya ce, domin tabarmar ta koya ba ganyen ba. A nuna mata takalmi, za ta ce zogale ko darbejiya, wani lokaci har da babban kaso na tabbaci, saboda rukuni biyu kaɗai ta sani kuma dole ta zaɓi ɗaya. Gyaran shi ne a ƙara rukuni na uku na "ba ko ɗaya", a cika shi da hannuwa da bango da tarkace, a kuma gauraya wuri da haske wajen ɗaukar hoto. Idan rukuni ɗaya yana da hoto 200 ɗayan 20, za ta karkata ga mai yawan. Daga nan malami zai iya kawo binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka buga a 2018, inda suka gwada manhajoji uku na kasuwa masu tantance jinsi daga fuska: kuskurensu a kan mata baƙar fata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, a kan maza farar fata kuwa bai wuce kashi 0.8 ba. Ajin da ya ga labarin tabarma ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Malamin aikin gona kuma zai iya nuna fuskar amfanin wannan fasaha ta hanyar manhajar PlantVillage Nuru, wadda ke duba ganyen rogo ta kyamarar waya ta gane cuta, tana kuma aiki ko babu intanet.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wato Hausa. Waɗannan manhajoji daga rubutun intanet suka koya, kuma rubutun Hausa a can kaɗan ne in aka kwatanta da yawan masu jin harshen. Wikipedia ta Ingilishi tana da maƙaloli sama da miliyan shida, ta Hausa ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na haka ba. Ɗan abin da ke akwai ma a hargitse yake. Da yawanmu ba ma sa lanƙwasa a waya, sai "baki" na cin abinci da "baƙi" su zama abu ɗaya, haka "kasa" da "ƙasa". Ko an sa lanƙwasar, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: "baƙi" launi ne ko waɗanda suka zo daga tafiya, "gari" na zama ne ko na tuwo, "wuya" ta jiki ce ko ta wahala, "fari" launi ne ko rashin ruwan sama. Abin da Najeriya ke rubutawa 'y, a Nijar ƴ ake rubuta shi. Rubutun ajami kuwa, mai ɗauke da waƙoƙi da wasiƙu na ƙarnoni, mafi yawansa yana kan takarda, na'ura ba ta gan shi ba. Google Translate ya ƙara Hausa tun Disambar 2013, an kuma samu ci gaba sosai, amma waɗannan ramukan suna nan.

Akwai gwaji mai daɗi da malamin Hausa da na Turanci za su iya haɗuwa a kai. A Turanci ana iya cewa likita ya yi magana ba tare da an nuna namiji ne ko mace ba. Hausa ba ta yarda da haka: ko "ya ce" ko "ta ce". Haka kalmar Turanci guda ɗaya ce ke ɗaukar "kai" da "ke" da "ku". A ba manhaja jimloli goma masu likita, injiniya, direba, ma'aikacin jinya, mai girki, a ƙirga wa ta ba "ya" wa ta ba "ta". Abin da ya fito hoton rubutun da ta koya ne, da duk son zuciyar da ke ciki.

Darasin amfani da manhajar hira sai ya zo bayan waɗannan, kuma a mayar da ɗalibi mai duba jarrabawa, na'ura ce ɗalibar. A shirya tambaya goma da aka riga aka san amsarsu: ƙananan hukumomi nawa ne a Kano, 44; a Katsina, 34; a wace shekara aka ƙirƙiri Jigawa, 1991; Zamfara, 1996; yaushe aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 1804. A haɗa da tambayoyi kan garin su yaran, sunayen unguwanni da ranar kasuwa, da karin magana biyu da za ta ƙarasa ta kuma fassara. A sa tambaya ɗaya ta tarko, game da wani littafi ko sarki da bai taɓa wanzuwa ba, a ga ko za ta ce ba ta san shi ba ko za ta tsara masa tarihi. Kowace tambaya a yi ta da Hausa a yi ta da Turanci, a kuma sake ta a sabuwar hira. A ba kowace amsa ɗaya daga alamomi uku: daidai, kuskure, ƙirƙira. Abin da aka fi gani shi ne tana ƙoƙari a kan sanannun abubuwa, tana raunana yayin da tambaya ke matsowa gida.

Daga wannan gwaji dokokin aji za su fito da kansu, amma uku a rubuta su a allo. Aya ko hadisi ko hukuncin addini da manhaja ta kawo, ba a yaɗa shi sai an duba Alƙur'ani ko littafin da ta ambata an kuma tambayi malami, domin tana iya jingina magana ga littafin da babu ita a ciki. Sunan magani da adadin da za a sha, na likita da mai harhaɗa magani ne. Sunan littafi ko marubuci ko alƙaluma da za a sa a aikin makaranta, sai an gan su da ido a wani wuri. A ƙara da darasi guda kan murya da bidiyon jabu: yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sautinsa, don haka saƙon murya mai neman a turo kuɗi da gaggawa, a kashe a kira mai shi a lambar da aka sani.

Ranku ya daɗe, akwai abubuwa biyu da ofisoshinku ne kaɗai za su iya tsayarwa. Na farko bayanan yara. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sharɗanta amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma jagorar UNESCO ta 2023 ta ba da shawarar shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun amfani da irin waɗannan manhajoji a aji. A fitar da takardar umarni cewa ba a loda sunayen ɗalibai da makinsu da hotunansu da lambar NIN ko BVN a manhajar hira. A darasin hoto ma ganye da kayan aji za a ɗauka, ban da fuskokin yara. Na biyu shi ne manhajojin da ake tallatawa wai suna gane rubutun AI. Kada a hukunta ɗalibi da shaidarsu kaɗai. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a watan Yulin 2023 saboda ƙarancin dacewarta, kuma wani bincike na Jami'ar Stanford a wannan shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin insha'in waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin aikin na'ura. 'Ya'yanmu ke nan. Abin da ya fi aiki tsohon abu ne: a rubuta daftarin farko a aji, sannan malam ya tsayar da ɗalibi minti uku ya tambaye shi me yake nufi da sakin layi na biyu.

Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba. A ware darasi shida na minti 40 a zango guda cikin darasin kwamfuta da ake da shi: biyu na gwangwani, ɗaya na ambulan, ɗaya na hoto, biyu na gwajin manhajar hira da jabun murya. A shirya wa malamai bitar kwana biyu ta hannun Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da kwalejojin ilimi na jihohi, kuma a bitar kowane malami ya buga wasan gwangwani da hannunsa har a kasa cin na'urarsa, kada a tara su a yi musu lacca da majigi. A koyar da Hausa inda ita ce yaran suka fi ji, a kuma haɗa malaman Hausa da na kwamfuta su daidaita kalmomin fannin, kada kowace makaranta ta ƙirƙiro nata. Kafin a sa hannu a kwangilar sayen mutum-mutumi ko allon zamani, a tabbatar kowace makaranta tana da kwamfuta ɗaya mai aiki, da hanyar yi mata caji, da kuɗin data na wata-wata a cikin kasafi. Cajar irin wannan kwamfuta wat 45 zuwa 65 take ja, ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta.

Sannan a ƙarfafa wa malaman Hausa da ɗaliban kwalejojin ilimi gwiwa su riƙa zuba ingantacciyar Hausa a inda na'urori ke koyo: maƙaloli a Wikipedia ta Hausa, da karanta jimloli a shirin Common Voice na Mozilla, wanda ke tattara muryoyi har da na Hausa. Ƙungiyoyin bincike irin su Masakhane da HausaNLP suna wannan aiki, kuma sassan kwamfuta da na harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna kusa da ku. Muna roƙon a lissafa irin wannan gudummawa cikin ayyukan da ake dubawa wajen ƙarin girman malami, a kuma sa wa kwamfutocin makarantu allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ tun daga zango mai zuwa.

Allah ya taimake ku, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Daga wasu malaman ilimin kwamfuta da masu bincike a fannin ƙirƙirarriyar basira.